Gidan Kawo da Takardun Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Halima, malamar firamare. Har yau in na bi ta Kawo sai na rage gudu a ƙofar gidan hayarta.

Baba ya riga ta tafiya, ya bar ta da mu uku: yayana Bello, ni da ƙanwata. Da ta yi ritaya aka biya ta kuɗin sallama, sai ta raba su biyu. Rabi ta ƙarasa ginin gidan, rabi ta sayi takardun hannun jari. Mun yi mata tsiya ba kaɗan ba. Bello yakan ce, "Inna, da ɗakuna kika ƙara. Wa ya taɓa fakewa da takarda in ana ruwa?" Takan yi murmushi ta ce, "Takarda tana rabuwa, Bello. Gida sai an sayar."

Mun ɗauka zancen tsofaffi ne. Ita kuwa ta sha ganin yadda ake yi: mai gida ya rasu, magada su sa gidan a kasuwa, 'yan haya su kwashe kayansu tun ba a yi arba'in ba. A gidanta akwai Malam Isa direba, mutumin Zamfara, wanda duk 'ya'yansa a ɗakin ƙurya aka haife su, Inna ce ke yi wa matarsa wankan jego.

Da aka zo rabon gado, Bello na son jari a hannu, kuma haƙƙinsa ne. Malam Isa ya zauna a gefen tabarma, yana jiran ya ji ko za a sayar da gidan. Aka yi wa komai ƙima, sai ga takardun da muke wa dariya sun tashi kason namiji. Bello ya karɓe su, gidan ya zo mana mu mata biyu, ba wanda aka ce ya tashi.

Yanzu jikokinta ta waya suke sayen hannun jari, suna ce mini gyaran rufi ke cinye kuɗin haya, gara a sayar. Ba ƙarya suka yi ba. Na san Inna za ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaye su waɗanda ke kwana a ƙarƙashin rufin.

Watan jiya aka aurar da autar Malam Isa daga tsakar gidan nan. Matarsa ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, nan Inna take zama." Na zauna, na yi kukan kewar uwata.