Ranar da Baba Kwalba Ya Wanke Bututu

Shekara talatin da ɗaya Baba Kwalba ya yi yana wanke gilasai a ɗakin gwaje-gwaje. Bai yi nisa a boko ba, amma yatsunsa duk tabon ƙuna ne, kuma tun daga bakin ƙofa hancinsa kan gaya masa wace iska ce ke yoyo.

Aikin ɗakin shi ne a tura iskar gas iri biyu cikin bututun gilashi mai zafi, a bi diddigin yadda suke haɗuwa mataki-mataki. In an gano matakin da ke jan ƙafa, sai a haɗa hodar da za ta ingiza shi. Wani sabon Dakta ya haɗa tasa hodar, ya zuba a tsohon bututu, iskar ta haɗu cikin ƙiftawar ido. Sai kai ya kumbura, ko gaisuwa da kyar yake amsawa.

Baba kuwa ya san bututun nan ciki da waje. Akwai wani baƙin dattin ƙarfe da ya manne a cikinsa tun zamanin tsohon Farfesa, wanda ya hana kowa kankare shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "a gwada bututun ba hoda mana. Ina jin dattin nan ne ke aikin."

"Wanki aka ɗauke ka, Baba, ba tunani ba," Dakta ya ce a gaban ɗalibai. "Dubi ƙazanta! Kafin baƙin masana'anta su zo jibi, so nake in ga fuskata a jikinsa."

Dariyar ɗaliban ba ta dami Baba ba. Amma autarsa na cikinsu, kuma ya ga yadda ta sunkuyar da kai. Wannan ne ya tsaya masa a rai, ya ƙudura sai ya rama.

Bai taɓa wanki da daɗin rai irin na washegari ba. Ya jiƙa bututun da asid, ya goge, ya ɗauraye sau bakwai, har da 'yar waƙarsa.

Baƙi suka zo suka zazzauna. Dakta ya zuba hoda, ya buɗe gas, ya harɗe hannuwa. Allurar ma'aunin da ke nuna haɗuwar iskar ko gezau. Ya ƙara wuta, ya ƙara hoda, gumi ya jiƙa masa kwalar riga. Allura tana nan inda take.

"Baba! Me ka yi wa bututun nan?"

Baba ya dubi autarsa tukuna, ya tabbata kanta a ɗage yake.

"Wanki, ranka ya daɗe. Matso ka ga fuskarka."