Yatsan Yaya a Hannuna

Mun tashi daga Minna zuwa Kuta da asuba ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, mu biyar a mota har da direba. Akwai ni. Akwai Yayata, wadda idonta ya rufe shekara goma ke nan. Akwai ɗanta na fari, wanda take zaune a gidansa a Bosso, shi ne jam'iyyarsa ta naɗa wakili a wata rumfar zaɓe a Kuta. Sai maƙwabciyata ta Ketaren Gwari, malamar makaranta da ta yi ritaya, mutuniyar Kudancin Kaduna, wadda wata ƙungiyar mata ta tura aikin sa ido. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata ce take rubuta wannan daga bakina, kuma na ce sai ta karanta min kafin ta tura muku, domin ba na son ƙari.

Ku 'yan unguwarmu, kun yi ta tambaya me ya sa ba a gan ni a layin zaɓe ba ranar Asabar. To ga dalili.

Katina na Ketaren Gwari ne. Na Yaya na Kuta ne, can ta yi aure, can aka binne mijinta. Kwana uku kafin tafiyar na je gaishe ta, ta jira sai da surukarta ta shiga kicin, sannan ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce in raka ta. Na ce, "Yaya, in na bi ki tawa ƙuri'ar ta tafi ke nan." Ta ce ta sani. Ta ce zaɓe biyu ke nan yaron yake shiga da ita, ya kama yatsanta ya danna, ya fito da ita, bai taɓa tambayarta ba. Ba ta ce ya cuce ta ba. Cewa ta yi, "Ban san inda yatsana yake zuwa ba." Kun san ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya a gabansa ta ce a'a.

Uwarmu ta rasu ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba, domin a zamaninta ba a ba matan Arewa dama ba. Ni tun da aka ba mu ban taɓa fashi ba, ko da ciki, ko da takaba. Amma Yaya ce ta goya ni, kuma ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

A tasha kuɗin mota ya hau, kamar yadda yake yi duk lokacin da direbobi suka san gobe za a hana zirga-zirga. Direbanmu ya so ya ƙara mutum biyu a baya, na ce ya leƙo ya nuna min wa zai ɗora a kan wa. Ya haƙura. Ɗan Yaya ya zaro kuɗi zai biya wa Malama, ta ce Allah ya kiyaye, mai sa ido ba ta cin ko goron wakili. Ya yi dariya ya ce goro ma? Ta ce har ruwan leda. Na dube ta da kyau. Shekara goma sha muna katanga ɗaya, ban san tana da wannan taurin ba.

Muka fita ta Maitumbi gari na wayewa. Hanyar wani wuri lafiya, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka. Duk ramin da muka faɗa sai Yaya ta ce, "Wannan na san shi, yana nan tun ina gani." Shingen jami'an tsaro kuwa na bar ƙirgawa. Hotunan 'yan takara a jikin kowace bishiya da kowane falwaya, wani an liƙa shi a kan fuskar wani, duk suna murmushi kamar sun san mu. Gefen hanya matan Gbagyi ne da itace a kafaɗa, suna tafiyarsu, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi hoto.

A Gwada muka tsaya karyawa. Mun ci soyayyar doya da yaji, muka sha kunun gyaɗa mai zafi. Doyar nan in ka gan ta jibge sai ka ji haushin abin da muke saya a Minna, ga girma ga sauƙi. Na yi ciniki ban saya ba, na ce sai a dawowa. Mai kunun ta ce ita ba 'yar nan ba ce, rashin zaman lafiya ne ya raba su da ƙauyensu. Na tambaye ta ko za ta yi zaɓe. Ta ce katinta ya ƙone da ɗakinta. Malama ta ciro ɗan littafinta ta rubuta. Ni na ƙara kunu kofi ɗaya wanda ban buƙata ba.

Daga Gwada ne na tambayi Malama takardar da take ta dubawa. Ta ce ƙa'idoji ne da ƙasashen duniya suka amince a kai, har da tamu, kan yadda zaɓe zai zama na gaskiya. Na ce ta juya min da Hausa. Ta ce kowane baligi yana da ƙuri'a, mace da namiji, mai kuɗi da maras shi, kuma ta wani ba ta fi ta wani nauyi. Ba a tilasta mutum, ba a saye shi. Abin da ya zaɓa sirrinsa ne. A ƙirga a gaban jama'a. Direba ya ce, "Malama, waɗanda suka rubuta wannan sun taɓa bin hanyar Kuta kuwa?" Muka yi dariya, har ni, domin tambayar da ke bakina ke nan. Sai ta ƙara ɗaya. Ta ce wanda ba ya gani, ko ba ya iya dangwalawa da kansa, shi yake zaɓar wanda zai taimaka masa, ba a zaɓa masa. Kuma a dokarmu ta nan wakilin jam'iyya ba ya shiga da kowa. Ɗan Yaya yana gaba yana waya, bai ji ba. Yaya ta matse gwiwata. Na sa Malama ta maimaita sau biyu, na haddace.

Mun sauka a gidan dangin mijin Yaya. Aka yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa, aka yi ta shigowa gaishe ta, tana gane kowa da murya. Kuta ta cika, duk wanda ya yi rajista a gida ya dawo gida. Zafi kuwa ba a magana, mangwaro ya fara nuna.

Ranar Asabar da hantsi muka isa rumfar, a wata makarantar firamare. Ma'aikatan sun makara, amma sun zo. Aka ce tsofaffi da masu ciki da masu lalura su fara, wannan na yaba. Katin Yaya yana aljihun ɗanta, a can yake zama kullum wai don kada ya ɓata. Ya miƙa, na'ura ta duba fuskarta ta gane ta. Jami'ar rumfar, wata yarinya mai kakin bautar ƙasa, ta sa hannu a takarda ta miƙo. Sai ɗan Yaya ya karɓa, ya kama hannun uwarsa, ga katin wakilci rataye a wuyansa, ya nufi 'yar rumfar sirri.

Na dubi Malama. Tana zaune a benci da rigar aikinta, biro a hannu, ba ta motsa ba. Na harare ta, ta sunkuyar da kai tana rubutu. Raina ya ɓaci. Daga baya ta ce min aikinta ido ne, in ta sa baki ta zama ɓangare. A lokacin dai na ga babu mai magana sai ni.

Na ce, "Tsaya."

Ya ce, "Inna, lafiya? Kullum haka muke yi."

Na ce, "Yau ba kullum ba ce." Na juya ga jami'ar na ce, "'Yata, wakili yana shiga da makauniya?"

Yarinyar ta dubi katin wuyansa, ta ce a'a, ba ya shiga. Wakilan sauran jam'iyyu da suka yi shiru da farko suka taso da hayaniya, kowa ya zama masanin doka. Ɗan Yaya ya ce, "Uwata ce fa! Ni nake ci da ita, ni nake kai ta asibiti, wa ya fi ni sanin abin da take so?" Kuma gaskiya ya faɗa, yana kula da ita, ban taɓa samun ta da yunwa ko datti ba. Jami'ar ta ce a yi shiru. Ta durƙusa a gaban Yaya ta ce, "Mama, ke wa kike so ya shiga da ke?"

Hannun Yaya yana cikin na ɗanta. Na ji tsoro kunya za ta ci ta, in yi asarar tafiya da ƙuri'a gaba ɗaya. Sai ta zare hannun a hankali, ta ce, "Ƙanwata."

Muka shiga. Rumfar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba. Na shimfiɗa takardar. Rubutu ban sani ba, amma alama na sani, da alama nake zaɓe duk shekarun nan. Na kawo kunnena kusa da bakinta, ta faɗa min.

Alamar da ta faɗa ba ita ce ta zuciyata ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, shi ma da izininta. Alamomi sun fi goma a takardar, tawa kuma ba wanda na taɓa gaya wa, don haka kada wani ya wahalar da kansa da lissafi.

Na dangwala yatsanta a tawada, na tsaya. Alamar da zan zaɓa da ina Ketaren Gwari tana nan sama kaɗan, ko faɗin yatsa uku ba ta kai ba. Malama ba ta gani. Jami'a ba ta gani. Mai yatsan ma ba ta gani. Wata zuciyar ta ce min, ai ke kika bar taki saboda ita, wannan ramuwa ce kawai, kuma kin fi ta sanin halin da ake ciki, ke kike zuwa kasuwa. Wallahi maganar ta yi min daɗi. Sai na ji ta yi kama da wadda ɗan Yaya ya gama faɗa a waje.

Na ce, "Yaya, kin tabbata?"

Ta ce, "Ban kira ki shawara ba."

Na kai yatsan inda ta ce, na danna. Na hura har tawadar ta bushe, na naɗe yadda aka nuna mana. A bakin akwati na ɗora hannunta a kan ramin, ita ta saki takardar da kanta. Ta tsaya tana saurare, wai tana so ta ji faɗuwarta.

Da la'asar aka ƙirga a gaban kowa, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsa lamba da ƙarfi. Aka liƙa sakamako a bango. Wannan rumfa ɗaya na gani, ba zan yi shaidar wadda ban gani ba. Ɗan Yaya bai yi min magana ba. Ya dai karɓi katin uwarsa ya mayar aljihu, ina kallo.

Ranar Lahadi muka juyo. Na sayi doyata a Gwada. Duk hanya ina jira Yaya ta tambaye ni ko inda ta ce na sa, na ma shirya rantsuwar da zan yi. Ba ta tambaya ba, sai labarin ramuka take yi. A Bosso muka sauke su, muka wuce da Malama.

Abin da tafiyar nan ta koya min, na raina takardar Malama a mota, amma ba don ita ba da ban san abin da zan faɗa ba, da kuma yarinyar nan jami'ar rumfar ba ta da abin tsayawa a kai. Waɗanda suka rubuta ta ba su san Kuta ba, amma sun san akwai mai kama yatsan wani, ko da ƙauna ce ta sa shi. Sai dai takardar iyakarta bakin rumfa. Daga nan ciki, mutum ne da abin da zai iya kwana da shi. Na yi shekaru ina zagin masu satar ƙuri'a, ban san tazarar da ke tsakanina da su faɗin yatsa uku ba ce.

Washegari da na idar da salla na ɗauki mayafina, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Bosso. Na samu ɗan Yaya zai fita. Ya gaishe ni ciki-ciki, sannan ya ce, "Inna, don Allah, wa ta zaɓa?" Na ce ya shiga ya tambaye ta in zai iya. Na miƙa hannu na ce ya ba ni katin. Ya ce zai ɓata. Na ce in ya ɓata, a hannun mai shi ya ɓata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ciro.

Na shiga ɗakinta na sa mata a tafin hannu. Ta shafa shi gaba da baya, ta ƙulle a bakin zanenta. Tawadar tana nan a yatsanta, nawa ma ta shafe shi, ba ta fita ba.

Na ce, "Yaya, ba ki tambaye ni ba."

Ta ce, "Da zan tambaye ki, da ban kira ki ba. Zauna a kawo miki koko."

Na zauna.