Wayar da ta yi mini kwalliya ina cikin ciwo

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu na cewa kuɗi na yi na manta da mutane. Ina fa! Gadon asibiti ne ya riƙe ni.

Bari in fara da yabon wayata. Kyamara uku gare ta a baya, kuma da ganin fuskata take buɗewa. In ka ɗauki hoto, da kanta za ta goge ƙuraje, ta haska fata, ta wanke ido fes. Dillalin albasa a kasuwar Mile 12 irina sai ya fito kamar ɗan majalisa.

Kun san mu mutanen Agege, duk Juma'a sai an tura hoto gida, a kuma ɗora shi nan, a ga Legas ta karɓe ka.

Ciwon ya fara da kasala da ƙin abinci. Fitsari ya koma kamar shayi ba madara. Na ce maleriya ce, na sayi magani a kemis. Matata Ramatu ta ce, "Baban Amira, idonka fa ya yi ruwan ɗorawa." Na ɗaga waya na ɗauki hoto na duba, idon fari tas. Na ce mata hasken ɗaki ne.

Na tura wa Inna hoton can Funtuwa, haɗe da saƙon murya. Ba ni ta kira ba, Ramatu ta kira. "Hoton nan ƙarya yake. Muryar yaron nan ba ƙarfi. Ki kai shi asibiti yau, ko in hawo mota."

Aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki. Ciwon hanta. Likita ya ce, "Oga, da ka ƙara jinkiri, da yanzu wata maganar ake." Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Ƙarin ruwa, allura, gwaji kan gwaji, jarin albasa duk ya bi nan.

Na rame har wayar ta daina gane ni. Ramatu na neman lambar yayana a ciki, ni kuma lambar sirrin ta ɓace mini. Sai ta bakin maƙwabta aka samo shi.

Alhamdulillahi na miƙe, ina kan magani. Allah ya saka wa Inna da Ramatu da ma'aikatan asibitin.

Ku je gwajin hanta tun kuna kan ƙafafunku. Ku riƙa duba idonku a madubin gaske. Ku ba wani naku lambar buɗe waya.

Jiya dai wayar ta sake gane ni.

To ku da kuka yi ta rubuta "Oga kana sheƙi" a ƙarƙashin hotunan nan, ni kuke yabo ko ita?