Gyaɗar da Na Cika wa Toka

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ina ɗan shekara goma sha shida, Baba ya yanka mini gayauna a gefen gonarmu ta Bunguɗu. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ta yi kyau ta zama tawa, in ta lalace ta koma gandu.

A gidanmu ba a shuka gyaɗa ita kaɗai, sai an ratsa ta da dawa. Ni kuwa na ji fataken Tsafe suna yabon kasuwarta, sai na shuka ta zalla. Na kuma tara tokar murhun Inna da ta maƙwabta tun daga kaka, na jibge a ɗan filin nan, a zatona taki ba ya yawa.

Bayan noman fari, sababbin ganyaye suka fito rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke kore. Baba ya zo ya duba.

"Ka ɗura mata har ta kasa haɗiya," in ji shi.

"To me zan yi, Baba?"

"Gonarka ce, sarkin noma. Ni baƙo ne."

Kwana uku ina zagaya ta kafin na lura da kunya biyu da ke jingine da dawar Baba. Kore shar suke, alhali tokar ɗaya ce. Da aka yi ruwa, na roƙi dawar da ake ragewa a gandu, na dasa ta tsakanin kunyoyina, na bi da kashin shanu daga inda Fulani suka tashi. Sannu a hankali ganyen da ke tohowa ya soma duhu.

Daga baya, a makarantar koyon aikin gona, na koyi cewa tsiro na bukatar ɗan sinadarin ƙarfe kaɗan, kuma yawan toka kan ɗaure shi a ƙasa har saiwa ta kasa sha. Ko dawar ce ta kwance shi ko kashin shanun, ban sani ba har yau da nake da shekara hamsin, kuma ba zan yi da'awar sani ba. Abin da nake alfahari da shi, idona ne ya gano kunyoyin nan biyu.

Amfanin da na samu bai kai na yayyena ba. Baba ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya tauna. Da damina ta zagayo, na tarar ya dasa gamba a kan iyakar da ke tsakanin gayaunata da gandu.