Mama Ajuji Ta Hana a Kai Jikarta Bola

Duk mai sayen busasshen kifi a babbar kasuwar Jalingo ya san Mama Ajuji. Ajuji fa! Mace da girmanta, da furfurarta, wai sunanta wurin zubar da shara. Kuma ba laifin da ta yi wa kowa.

A Lau aka haife ta, can bakin kogi. Uwarta ta yi ta haihuwa yaran suna komawa, ko yaye ba sa kaiwa. Da aka samu wannan, sai wata tsohuwar ungozoma ta ce a yi wa mutuwa dabara, a nuna mata ba a son yarinyar. Aka ɗauki jaririya, ko cibi bai faɗi ba, aka ajiye ta kan juji, maƙwabciya ta zo ta yi kamar tsintuwa ta yi. Shi ke nan, suna ya manne. Haka suke yi a da. Akwai Ayashe, wai a yar da ita. Akwai Barmani, wannan roƙo ne, a bar mini ita. Ai ko Barmanin da daɗin ji. Ita sai aka zaɓo mata mai wari.

An yi mata baftisma da Alisabatu, amma wa ya taɓa kiranta haka? A firamare yara ɓawon lemo suke zuba mata a kan benci, su ce nan ne wurinsa. Ta daki na duka, ta zagi na zagi, ƙarshe ta bar makarantar ta koma shanya kifi. Ranar aurenta ma wata gwaggon ango cewa ta yi ɗansu ya kwaso shara. Mijin ya kawo ta unguwar Kachalla Sembe a Jalingo, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Victor. Da kifin nan ta raine shi har ya samu aikin ofis.

To, Victor ya auri Vivian, yarinya shiru-shiru. Haihuwar fari ba ta zauna ba, ta biyu ma haka. Ta uku ta zo mace, 'yar mitsitsiya. Sai ga Baba Tobiya, yayan marigayi mijin Mama, ya taso tun daga Lau da sandarsa, wai ya zo da magani: a kai yarinya bola, a sa mata Ajuji, ga ma kakarta takwara. Victor, da takardunsa da komai, tsoro ya sa ya yarda. Suka ɓoye wa Mama, don sun san halinta.

Vivian ce ta kira ta a waya tana kuka. Mama ta bar kifi a buɗe, ta tare keke. Ta same su bayan gida, tsoho riƙe da jaririya, an ma shirya maƙwabciyar da za ta tsinta. Kuma bolar Jalingo ai ba jujin ƙauye ba ce mai toka da ƙaiƙayi. Leda, kwalabe, ƙazantar yara, ƙudaje kamar an gayyato su.

"Yaya Tobiya, ba ni yarinyar nan."

"Alisabatu, ki bi a hankali."

"Au, yau ka san ina da wani suna? Ba ni ita!"

"Ke ba ga ki da ranki ba? Sunan nan ne ya raya ki."

"Ya raya ni? To me ya hana a sa maka Kwata, mu ga ko za ka kai ɗari?"

Maƙwabciya ta toshe baki da gefen zani. Victor ya matso yana murza hannu. "Mama, minti ɗaya ne kawai, a ajiye a ɗauka."

"Minti ɗaya, don gidanku? Nawa minti ɗayan har yau bai ƙare ba. Kai da za ka shiga ofis a ce maka Oga Victor, ita kuma ta tashi ana toshe hanci in an kira ta?"

Tsoho ya buga sanda a ƙasa. "In yarinyar nan ta bi 'yan'uwanta, a wuyanki."

Nan fa maganar ta soki Mama, ba ƙarya. Ita ta yi wa jikokin nan biyu wankan gawa da hannunta. Ta dubi Vivian, ta dubi bolar, har Victor ya zaci ta sauko. Sai ta miƙa hannu ta zare jaririyar.

"A wuyana. Na ɗauka. Amma ba wanda zai yi wa Allah ƙarya a kan jikata. Wai ba ma son ta? Muna so! Kowa ya ji, har ita mutuwar."

Ranar suna fasto ya tambaya, Victor ya dubi ƙasa, Vivian ta ɗaga kai ta ce, "Munaso." Fasto ya ce bai taɓa jin sunan ba, daga ina? Mama ta amsa daga bayan taro: "Daga bakina." Baba Tobiya ko shinkafar suna bai ci ba, ya koma tasha.

Har yanzu ba ya ɗaukar wayar Mama. Kuma yarinya na yin ɗan tari, dangi kaf sai su zuba wa Mama ido, kamar ita ta kawo tarin.  Ita kuwa sai ta goya Munaso ta yi asibiti, ta bi layi, ta yi faɗa da duk wanda ya nemi shiga gabanta. Nas ta leƙo ta ce, "Mama, yaya ma sunan bebin?"

"Munaso. Ki ɗaga murya in za ki kira, ba abin kunya ba ne."