Ranar da Zafi Ya Kayar da Kawu Issaka a Cikin Ƙanƙara

Duk wanda ya san kasuwar Bawku ya san Kawu Issaka mai gwanjo, ko bai san fuskarsa ba ya san kwat ɗinsa. A watan da kaji ke yawo baki buɗe don zafi, shi yana rumfa cikin kwat mai maɓalli shida, wuya naɗe da rawani. Wannan mutumin bai ji tsoron maciji ba, bai ji tsoron soja ba, amma ka miƙa masa ruwan firij ka ga yadda dattijo ke ja da baya.

"Zafi ɗan gida ne," in ji shi. "Sanyi kuwa ɗan aiken Mala'ikan Mutuwa ne."

Ni Mumuni, ɗan ƙanwarsa, ni Allah ya jarraba da raka shi tafiya. Wata rana mun taso daga Yendi a sabuwar bas mai iyakwandishan. Ba mu yi nisa ba ya tuɓe safarsa ya cusa a ramin iskar. Direba ya hango ta madubi.

"Alhaji, me kake yi wa motata?"

"Kai zan tambaya! Mutane ka ɗauko ko kifi?"

Wata mata a bayanmu ta toshe hanci ta ce, "Direba, kashe abin nan don Allah, ko Alhaji ya mayar da safarsa gida." Haka muka ƙarasa tagogi a buɗe, kowa na zufa, Kawu na murmushi.

Shekara da shekaru, duk dilar gwanjon da ya fasa, in ya ci karo da jibgegiyar rigar sanyi ko wando mai kauri kamar katifa, ba mai saye, shi kuma ba ya zubarwa. Ya cika ɗaki guda da su. Kun san a nan ana kiran gwanjo kayan bature da ya mutu, to Kawu ya yarda da wannan har zuciya. Sai ya ɗaga riga ya girgiza kai: "Dubi kaurinta, Mumuni. Mai ita ya saka wannan, kuma sanyi bai bar shi ba!"

Ana nan sai 'yarsa Sherifa, wadda ke aure a arewacin Italiya, ta haihu, ta ce lallai Baba ya zo ya ga jika. Mijinta Fuseini, ɗan Salaga, yana aiki a kan wani dutse inda Turawa ke wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kawu ya yi kwana uku bai ci tuwon kirki ba. Ya kira ni gefe.

"An ce ƙasarsu daskarewa take yi. In na mutu can, da me za a haƙa mini kabari?"

Hajiya Memuna, matarsa, ta kama hannuna a tasha ta ce, "Mumuni, da ƙafarsa na ba ka shi. Da ƙafarsa nake son abina."

Mun sauka a watan Afrilu. Ranar da za a hau dutsen, Sherifa ta yi bayani dalla-dalla: "Baba, sanyi ya wuce, yanzu rana ce. Riga mara nauyi a ciki, wata 'yar shara-shara a sama wadda za ka iya cirewa. Safar hannu siririya, tabarau saboda hasken ƙanƙara, sai wannan man ku shafa a fuska."

Na ce, "Ke Sherifa, mutumin Bawku za ki koya wa rana?" Na ture man. Kwana biyu bayan nan hancina ya saɓule kamar dafaffiyar doya, amma wannan wani labarin ne.

Kawu ya shiga ɗaki, ya fito. Jama'a, ba mutum ne ya fito ba, rumbu ne! Wando uku, rigar sanyi biyu, kwat, batakarin Yendi, wato taguwar saƙi mai kauri, a kai, sannan jibga-jibgan rigunan gwanjo guda biyu, da hular da ido kaɗai take bari. Jaririn ya gan shi ya tsala ihu. Fuseini ya durƙusa: "Baba, don girman Allah a rage ko ɗaya."

"Ka ba ni 'yarka ne, ko ni na ba ka? Mu tafi."

A gindin dutsen rana ta ƙwalle, ƙanƙara na narkewa tana tsiyaya. Turawa sai wucewa suke fiu-fiu, wasu da 'yar riga mai gajeren hannu. Kawu ya bi su da kallon tausayi, ya zungure ni.

"Kalle su da kyau. Baɗi war haka kayansu na rumfata."

Sai ga wata kujera rataye a waya, wadda ke ɗaukar mutane zuwa kan dutsen. Ba ta tsayawa fa, daga baya take zuwa ta kwashe ka kamar shaho da ɗan tsako. Fuseini ya shiga ta gabanmu, ni da Kawu a ta baya. Ƙafafunmu na lilo, bishiyoyi can ƙasa kamar tsintsiya. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Kawu na ta salati da ƙarfi, sai salatin ya fara yin ƙasa, sai ya tsaya.

"Kawu?"

Ya langaɓe a kafaɗata. Na ja hular, fuskarsa sharkaf, ido ya juye. Ya damƙe hannuna, da kyar na ji abin da ya ce: "Mumuni, kar ka bar ni a nan."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ba sauka, ba tsayawa, ƙarfe ɗaya ne tsakaninmu da rami, nauyinsa na jan mu gaba. Na rungume rumbun nan da hannu biyu ina kururuwa, "Fuseini! Ya tafi! Ya tafi!" Fuskar Hajiya kawai nake gani.

Muna isa sama ma'aikatan ceto suka kwantar da shi. Wata baturiya ta fara tuɓe shi: ta cire, ta tarar da wata, ta cire, ta tarar da wata. A ta biyar ta dubi Fuseini ta yi magana. Na ce me ta ce? Ya ce, "Tana tambaya ko akwai mutum a ciki." Suka bar shi da singileti, suka ɗebo ƙanƙara suka manna masa a wuya da hammata. Abokin gabarsa na shekara saba'in!

Ya buɗe ido a hankali, ya ga fari ta ko'ina.

"An yi mini sallah?"

"Kawu, ba ka mutu ba. Zafi ne ya kayar da kai."

Ya dubi tulin kayansa, ya dubi baturiyar. Sannan ya jawo kunnena: "In Bawku ta ji wannan, na tsine maka."

Na riƙe bakina shekara shida, ni da kowa ya sani ba na iya riƙe ko atishawa. Na mayar wa Hajiya mijinta da ƙafarsa, yana ba 'yan kasuwa labarin yadda ya yi kokawa da sanyi ya kayar da shi, ni ina gyaɗa kai.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. A ɗakinsa ya cika, a kan tabarmarsa, Hajiya na gefe. Ƙasar makabartarmu ta haƙu ba gardama. Ni na shiga kabarin na karɓe shi na kwantar, kuma da jama'a suka watse na daɗe a tsaye, don a wannan karon ba yadda zan yi, dole na bar shi.

Ka yafe mini tonon asirin, Kawu. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya cire maka tsoro, Ya sa kana cikin aminci har mu iso. Amin.