Saiwa ta Bakwai a Jakar Mae Samli

Shekara sittin da ɗoriya shinge ɗaya ne tsakanina da Mae Samli, shingen ma na gora, kaji na bi ta ƙarƙashinsa. Saboda haka in na ce na san ta, ba cika baki nake ba. Duk ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Phu Phan, ba wanda zai ce ya taɓa jin ta ɗaga wa mutum murya. Abokin faɗanta ɗaya ne tak a duniya, shi ma itace ne.

Itacen yana bayan gidanta, daidai kan randunan da take tarar ruwan sama. Ba ya 'ya'yan da za a ci, inuwarsa ba ta kai ta kawo ba, amma wajen zubar da ganye ba shi da na biyu. Kullum da safe, kafin in sauke shinkafa daga wuta, sai in ji ta fara. Ta kira shi malalaci, ta kira shi ci-ma-zaune, ta tambaye shi wa ya aiko shi ya riƙa ɓata mata ruwan sha. Ta yi masa alkawarin gatari ya fi sau dubu. Ni kuwa nakan leƙa ta shinge in zuga ta, don ganyen har tsakar gidana yake shigowa. Abin da ya hana ta sarewa magana ɗaya ce ta mahaifinta. Yana kwance ciwon ajali ya ce mata ta yi yadda ta ga dama da komai na gidan, amma ta bar masa wannan itacen. Ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta dai bi.

Mahaifin nata, Pho Yai Khamdi, shi ne mai maganin ƙauyenmu a zamaninsa. Irin maganinmu ba dafawa ake yi ba, gogawa ake. Akwai faffaɗan dutse mai kaushi, a ɗiga masa ruwa, a ɗauko saiwa a goga, a ɗauko ta biyu a goga, har ruwan ya yi kauri, a wanke cikin ƙoƙon kwakwa a ba mutum ya sha. Wanda ya fi suna a hannunsa shi ne na masu jego, musamman wadda ta ci abin da bai karɓe ta ba lokacin da take zaman jin wuta na bayan haihuwa, jiri ya kama ta, nono ya ɗauke. Saiwa bakwai ake gogawa. Ni da kaina na sha shi sau huɗu.

To, tsohon yana da rantsuwa a wuyansa. Ranar da malaminsa ya karɓe shi, ranar Alhamis, da faifan furanni da kyandir biyar-biyar, ya yi alkawarin ba zai faɗi sunan itatuwan da inda suke ba sai ga almajiri ɗaya, namiji. Ya zaɓi ɗansa Bunloet. Bunloet kuwa ya haddace komai tsaf, sannan ya tattara ya bi jirgin kamun kifi can kudu, bai ƙara waiwayar daji ba har ya mutu. Samli ce ke riƙe dutse tun tana 'yar shekara tara, ita ke ɗaukar kwando in za a shiga daji, amma ba a taɓa faɗa mata sunan ko ɗaya ba. Da satar kallo da hanci ta gane shida. Ta bakwai ce ta gagara, don tsohon yana da guntu mai tsawon kamu guda tun daga malaminsa, bai taɓa buƙatar tono wani a gabanta ba.

Guntun nan shi ta gada, baƙi wuluk don hayaƙi da tsufa, ba ɓawo, ba alama. Shekara arba'in tana goga shi. Ta nuna wa masu magani na ƙauyuka tara, kowa ya juya shi, ya shinshina, ya girgiza kai. Ta yi ta rage yawan gugar, daga zagaye goma ta koma bakwai, ta koma uku. Duk da haka, bara da damina abin da ya rage bai fi gaɓar ƙaramin yatsa ba. Ta ce mini in ta yi tattali zai ishi masu jego goma. Daga nan maganin ubanta ya ƙare a hannunta, kuma wannan ne abin da ke cin ta, ko da yake ba ta cika faɗa ba. Ni ma yana ci na, don jikata na da ciki wata biyar.

Ana cikin haka sai ga Ajan Duang. Malama ce a jami'ar birni, yarinya siririya mai tabarau, tana yawo ƙauye-ƙauye da motar a-kori-kura tana rubuta magungunan tsofaffi, ta ɗebi samfur ta kai ɗakin gwaji a ga me ke ciki. Da farko ban so ta ba. Na ce wa Samli waɗannan 'yan boko yau su yi maka murmushi, gobe ka ga maganin kakanka cikin kwalba da sunan wani. Amma yarinyar ta cire takalmi tun daga ƙasan matakala, ta zauna ƙasa da inda Samli take, kuma da na daka mata kwaɗon ɗanyar gwanda da barkono goma sha biyu don in ga gudun ruwanta, ta cinye tas, hawaye na zuba, ta nemi ƙari. Daga ranar na sassauta.

Shidan nan ba su ba ta wahala ba, duk ta san su. Ta bakwai ce ita ma ta gagare ta. Ta ce suna da na'urar da ke karanta asalin itace daga ɗan garinsa, kamar yadda ake gane dangin mutum daga jini. Sai dai guntun ya tsufa ƙwarai, dole a ba ta kamar rabinsa ta niƙe, kuma ba ta yi alkawari ba, ana iya niƙewa a tashi a tutar babu.

Nan na yi tsalle na dire. Na ce rabin me? Mata biyar ke nan za a zuba wa na'ura ta haɗiye, ko na gode ba za ta ce ba. Na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Samli ta ɗauki guntunta ta mayar jaka. Kwana uku tana fama da abin, har itacen ya samu hutu. A rana ta huɗu ta sa guntun a kan faifai gaban hoton mahaifinta, ta kunna kyandir, sannan ta miƙa wa Ajan wuƙa.

Ta ce, "Yanka, 'yata. Mata goma ko biyar, duk ƙarewa zai yi. Ni dai kada ki nuna mini lokacin da kike yankawa."

Ta juya baya kuwa, kamar mai jiran allura.

Wata biyu shiru. Kullum sai na tambaye ta ko na'urar tata ta yi gyatsa. Ita kuma ta ce in je in ji da bakina. Amma ina ganinta tana leƙen hanya duk lokacin da mota ta wuce.

Wata ranar Lahadi da hantsi sai ga a-kori-kurar nan ta tsaya. Ajan ta hau matakala bibbiyu, ta manta ma da takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta ce an dace, na'ura ta faɗi suna. Ta karanto shi da harshen masana, wani suna mai tsawon igiyar guga, ko yau aka ce in maimaita sai dai a kashe ni. Ta ce itacen ya yi ƙaranci yanzu, amma ta yi magana da ma'aikatan gandun daji, ana jin akwai shi can bayan duwatsu, tafiyar yini guda a ƙafa. Samli ta ce ko rarrafe ne za ta je. Ta tashi ta ɗebo wa baƙuwa ruwa a kwanon azurfa, yadda ake yi, ta dawo tana mita don ga ganye ya sake faɗawa ciki. Ajan kuma ta fito da wayarta tana nuna hoton ganyen da za a nema. Samli ba ta san inda ta ajiye tabaranta ba, sai aka miƙo mini.

Na dubi hoton. Na dubi kwanon ruwa. Jama'a, ni da na shekara arba'in ina sharar abin nan daga tsakar gidana, ko a mafarki na gan shi ai na gane shi. Na sa yatsa na tsamo ganyen, na shimfiɗa shi a kan wayar, jiƙe da ruwa.

Na ce, "Samli, ga abokin faɗanki ya biyo ki har cikin kwano."

Ajan ta ɗaga ganyen, ta juya bayansa, ta sauka da gudu ta zagaya bayan gida. Muna jin ta tana dariya ita kaɗai. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami! Na yi dariya har na riƙe ciki, har sai da na lura Samli ba ta dariya. Tana zaune, hannu a cinya. Can ta tambaye ni, a hankali, ko na tuna shekarar da aka dasa itacen. Na tuna mana. Shekarar da Bunloet ya bi jirgi ce. Tsohon ya ɓace kwana biyu, ya dawo da ɗan tsiro cikin fasasshen bokiti, ya rasa inda zai dasa shi duk faɗin gonarsa sai inda 'yarsa ke ɗiban ruwa safe da yamma. Rantsuwa ta hana shi faɗa da baki. Ba ta hana shi dasa itace ba.

Ba a tono saiwar magani kowace rana, sai Talata da sassafe. Kuma ba a yarda inuwar mutum ta faɗa kan itacen ba, kuma dole a kai masa furanni da abin taunawa, a durƙusa a nemi izininsa da ladabi. Labari ya riga ya zaga, don haka rabin ƙauye ya zo ya jeru a bakin shinge, kowa na son ya ji yadda Mae Samli za ta roƙi wanda ta shekara arba'in tana zagi. Ta fito da farar riga, ta kori Ajan gefe don inuwarta ta kusa taɓa gindin, ta durƙusa ta haɗa hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa, na faɗa. Ganyen dai ka zubar, wannan ba ƙarya na yi maka ba. Amma ci-ma-zaune, wannan na janye."

Shinge ya kusa faɗuwa don dariya. Ta tono saiwa ɗaya daga gefen gabas, ta mayar da ƙasa, ta wanke, ta goga a kan dutse. Ta kai hanci. Sannan ta goga ɗan abin da ya rage na tsohon, ta kai hanci. Ƙamshi ɗaya ne, sai ta ja haɓar zaninta ta goge ido, kowa kuma ya kama gabansa.

Ajan ta tafi da nata samfur. Ta ce kada mu sa ran jin sakamako bana ko baɗi, gano sunan itace daban, gano abin da yake yi a jikin mutum daban, kuma duk mai jegon da zazzaɓi ya kama a kai ta asibiti. Samli ta ce wannan ai ta riga ta faɗa tun kafin a haifi Ajan. Ta kuma sa ta rubuta duka bakwai ɗin a takarda da sunan mahaifinta a sama, tunda ita ba wanda ya taɓa rantsar da ita. Jikata ta haihu namiji, ta sha nata ƙoƙon, zagaye goma cif.

Na ba ta shawara ta matsar da randunan, tunda yanzu ba a zagin itacen. Ta ce inda aka ajiye su nan za su zauna. Yanzu safiya ta yi mini shiru, har ina kewar masifar. Shekaranjiya na leƙa ta shinge na gan ta tana tsame ganye ɗaya-ɗaya daga ruwa, tana tarawa a hannu, tana magana ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Da sunan da take kiran mahaifinta take kiran sa.

"Pho, yau ma ka zubar. Na gani."